Wuƙar Gyaran Kifi Mai Naɗewa: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Zuba Kuɗinki

Iyayena da yayyena mata, a cikin ƙungiyoyin da nake zagayawa a nan Ƙofar Mata da unguwannin da ke maƙwabtaka da mu, sana'ar kifi tana cikin waɗanda aka fi karɓar bashi dominsu. Wata soyawa take yi da yamma a ƙofar gida, wata farfesu, wata dambun kifi, wasu kuma, musamman 'yan matan da suka koyi girkin zamani, su yi samosa da fanken kifi na biki. Tun da aka fara ganin wata siririyar wuƙa mai naɗewa a bidiyon girki na waya, tambayar da nake yawan samu ita ce: wannan wuƙar ta cancanci a saya, ko kuwa kwalliya ce kawai? Amsar ta danganta da irin kifin da kike sayarwa da kuma wanda kike sayar wa. Bari in bi abin daki-daki.

Wace irin wuƙa ce?

Ruwanta siriri ne, dogo, yawanci tsakanin santimita 15 zuwa 20, yana da tsini, kuma idan kika danna shi a kan katako zai ɗan lanƙwasa ya dawo. Wannan lanƙwasar ita ce amfaninta gaba ɗaya. Wuƙar maƙera da muka saba da ita, irin ta Kasuwar Kurmi, tana da kauri da nauyi, an yi ta ne don sara da datsa. Ita kuwa wannan an yi ta ne don ta kwanta a jikin ƙashin bayan kifi, ta bi shi har wutsiya, ta raba tsoka da ƙashi ba tare da ta bar nama mai yawa a jikinsa ba.

Naɗewar da take yi kuma ba don mu masu kicin aka yi ba. Don masunta aka yi. Mutumin da ke cikin kwalekwale a dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ko a dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, ko a bakin kogin Wudil, yana buƙatar wuƙar da zai sa a aljihu ba ta huda shi ba, ya buɗe ta ya farke cikin kifi nan take ya fitar da hanji, domin daga hanji da cikin kai ruɓewa take farawa. A zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ake kai wa digiri 40, kifin da ba a cire wa kayan ciki ba, ba a kuma sa masa ƙanƙara ba, cikin 'yan awanni yake juyawa. Ke da kike zuwa Kasuwar Galadima da sassafe ki sa a yanka miki ko ki dawo da shi gida, naɗewar ba ta ƙara miki komai wajen aiki. Abin da take ƙara miki shi ne sauƙin ajiya a gidan da yara suka cika, da sauƙin ɗauka idan an kira ki aikin girkin biki a wata unguwa.

Lissafin da ya kamata ya zo kafin saye

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan kuɗin ƙungiya yake shiga ko ya fita.

Idan kika cire tsokar karfasa zalla, babu kai, babu ƙashi, babu fata, abin da zai rage miki kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin kifin. Wato kilo 3 na karfasa zai ba ki wajen kilo 1 na tsoka. Tarwaɗa takan ɗan fi haka, amma ita ma kanta babba ne, yana cin nauyi. Mu yi misali da kuɗi, ke kuma ki sa farashin ranar da kika je kasuwa. A ce kilo naira 3,000 ne. Kilo 3 ya zama 9,000. Kin samu tsoka kilo 1. Idan kika zubar da kai da ƙashi, wannan kilo ɗayan ya tsaya miki a 9,000 tun kafin ki sa kuɗin mai, gawayi ko gas, kayan ƙamshi, leda da kuɗin A Daidaita Sahu. Idan kuwa kika yi farfesu ko romo da kawunan da ƙasusuwan kika samu 1,500, tsokar ta dawo 7,500. Kin ga ke nan wani ɓangare na ribar wannan aiki a cikin abin da wasu ke zubarwa yake.

Shi ya sa ni dai ra'ayina, mai soya kifi a ƙofar gida ba ta buƙatar wannan wuƙar. Mutanenmu kifi da ƙashinsa suke so, gunduwa-gunduwa, wani ma kan yake nema ya tsotse. Idan kika miƙa wa mai sayen kifin ɗari biyar 'yar sala marar ƙashi, cewa zai yi kin rage masa. Haka mai dambun kifi: ita dafawa take fara yi, tsokar ta saki da kanta, ta tsince ƙaya da hannu. Wuƙar da take da ita ta ishe ta.

Wadda wuƙar za ta yi wa rana ita ce mai samosa da fanken kifi da sauran kayan maƙulashe na biki, wadda ƙaya ɗaya a bakin baƙo za ta iya raba ta da mai ba ta aiki. Sai mai kai wa gidan abinci ko otal tsokar kifi, da mai haɗa abincin yaye ko na tsofaffi da marasa lafiya, inda ake biyan kuɗi saboda babu ƙaya. Idan ba ki da irin waɗannan masu saye tukuna, ki fara nemo su. Kada a ɗauki bashin ƙungiya a sayi kayan aiki sannan a zauna jiran ciniki, alhali ranar biya tana matsowa.

Wasu sukan ce a sayi ɗaya ta ƙungiya a riƙa karɓa-karɓa. Ban cika goyon baya ba. Wuƙa ba kamar babbar tukunya ko kujerun haya ba ce. Kaifinta ya danganta da hannun da ya riƙe ta jiya, tsabtarta ma haka, kuma ranar da ta dawo da tsini a karye babu wadda za ta ce ita ce.

Yadda za ki zaɓa

Abu na farko, kuma wanda ba a sassauci a kansa: makulli. Wuƙa mai naɗewa dole ta kasance idan an buɗe ta tana kullewa, ki ji ta ce ƙas, kuma ba za ta rufe ba sai kin danna wani wuri da gangan. Wasu makullinsu a bayan ƙota yake, wasu wani ɗan ƙarfe ne a cikin ƙotar da ake turawa gefe, wasu kuma, irin na kamfanin Opinel na Faransa, zobe ne a wuyan wuƙar da ake murzawa, dabarar da suka fito da ita tun 1955. Ko wanne ne, ki gwada a gaban mai kaya. Ki buɗe, ki riƙe ƙotar ta gefe yadda yatsunki ba sa kan hanyar kaifi, ki danna bayan ruwan wuƙar a jikin tebur. Idan ta motsa ko ta nemi rufewa, ki ajiye masa kayarsa. Wuƙar da ke rufewa da kanta a kan yatsu take rufewa, kuma hannun mai gyaran kifi kullum da santsi yake.

Sai ki girgiza ruwan hagu da dama. Idan yana rawa a gaɓa tun tana sabuwa, bayan wata guda sai abin da ya ƙaru. Ki nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, tunda aikinta cikin ruwa da gishiri da lemon tsami ne. Ƙota kuma ta roba mai kaushi ta fi mai sheƙi, ta kuma fi ta katako, don katako yana shan ruwa ya kumbura, ya riƙe ƙarni. Masu kayan kicin a Kasuwar Rimi da Sabon Gari sukan kawo iri-iri, yawancinsu 'yan Chana, akwai nagari akwai na banza. Araha dai ba ta ado.

Yadda ake fitar da tsoka

Ki fara da kifi mai kyau, don wuƙa ba ta gyara ruɓaɓɓe. Idonsa ya zama garau ba fari-fari ba, jan abin nan na cikin kai ya zama ja sosai, kuma idan kika danna jikinsa da yatsa wurin ya taso. Ki jiƙa tsumma ki shimfiɗa a ƙarƙashin katakon yanka don kada ya zame. Ki zauna ko ki tsaya yadda katakon yake daidai, ba a kan cinya ba, ba kuma a tafin hannu ba kamar yadda muke yanka albasa da kuɓewa. Wannan al'adar tamu ta yanka a hannu da dakusasshiyar wuƙa ta saba, wannan kuwa ba ta yafiya.

Idan karfasa ce, ki kankare ɓawon da bayan cokali ko tsohuwar wuƙa, kada ki ɓata kaifin sabuwar. Ki wanke, ki tsane ta da tsumma mai tsabta. Ki kwantar da ita, bayanta yana kallonki. Ki yanka a karkace daga bayan kai, ta bayan ɗan fiffiken gefe, har ki ji wuƙa ta taɓa ƙashin baya. A nan ki tsaya, kada ki datse. Sai ki juya kaifin ya kalli wutsiya, ki kwantar da ruwan wuƙar a kan ƙashin, ki riƙa ja a hankali da dogon ja, ba gurzawa kamar zarto ba. Ɗaya hannun yana saman kifin a buɗe, yana ɗaga tsokar da ta rabu, kuma ko da yaushe yana bayan kaifi. Kunnenki ma zai taya ki: muddin kina jin ƙarfe yana gogar ƙashi, kina kan hanya. Idan kika daina ji, kin hau sama kina barin nama. Wajen haƙarƙari ki bi ta samansu da tsinin wuƙa. Ki kula da ciki, domin idan kika fasa matsarmama ɗacinta zai ɓata duk inda ya taɓa. Kin gama gefe ɗaya, ki juya ki yi ɗayan.

Cire fata ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Ki kwantar da tsokar, fata a ƙasa. Ki ɗan tsaga ta wajen wutsiya ki samu abin kamawa, ki dangwali gishiri da yatsu don kada ta suɓuce, ki kwantar da wuƙa tsakanin fata da tsoka. Fatar za ki riƙa ja kina kaɗawa, wuƙar kusan a tsaye take wuri ɗaya. Daga nan ki shafa tsakiyar tsokar da yatsa daga wajen kai. Za ki ji wasu ƙananan ƙayoyi a jere. Ki yanka ta gefensu biyu ki ɗauke siririn layin gaba ɗaya, ki jefa cikin tukunyar romo.

Tarwaɗa ba ta da ɓawo, ƙananan ƙayoyinta ma kaɗan ne, shi ya sa ta fi daɗin wannan aiki. Matsalarta biyu: yauƙi da ƙayar gefe. Yauƙin yana fita da gishiri da lemon tsami, ko a watsa mata ruwan zafi a kankare, amma kada ruwan ya daɗe a kanta har fatar ta fara dahuwa. Ƙayoyin nan biyu masu tauri da ke gefen kanta kuwa, ki fara datse su da babbar wuƙa kafin komai. Kurungu ya fi ta sharri a nan, don shi har a baya yana da ita, kuma sukarsa tana da zafi da kumburi. Kan tarwaɗa ƙashi ne zalla. Siririyar wuƙa ba ta da abin yi a wurin.

Kifin ƙanƙara irin su taitus da shawa yana da nasa hali. Kada ki sa wannan wuƙar a jikinsa yana daskare, bakinta zai ɓantare. Kada kuma ki bari ya saki gaba ɗaya ya yi laushi, tsokar za ta dagargaje. Lokacin da ya fara saki amma da sauran tauri a ciki, shi ne daidai. Akwai abin da ya kamata kowace mai taitus ta sani: irin wannan kifin idan ya daɗe a cikin zafi yana tara wani sinadari a tsokarsa wanda suya ko dahuwa ba sa kashewa. Wanda ya ci sai ya ji ƙaiƙayi, fuska ta yi zafi, ciwon kai, wani har amai da gudawa, cikin ɗan lokaci kaɗan. Don haka abin da za ki iya gyarawa ki soya a lokacin shi za ki fitar daga sanyi, wanda ya saki kuma ba a mayar da shi ya sake daskarewa.

Ban da kifi, wuƙar tana yin salar nama siriri, tana cire fatar kaza, tana feraye abarba da mangwaro da kyau. Ba ta sara ƙashi, ba ta fasa kabewa ko kwakwa, ba a ɓare rogo da ita, kuma don Allah kada a buɗe gwangwanin tumatir da tsininta.

Wanki, wanda shi ne raunin mai naɗewa

Wuƙar da ba ta naɗewa fuska biyu gare ta, ki wanke nan ki wanke can, shi ke nan. Mai naɗewa tana da gaɓa, tana da rami a cikin ƙota inda ruwan yake kwanciya. Jini da yauƙi da ɓawo a nan suke taruwa, ido ba ya gani. Idan kika rufe ta da datti, kin mayar da kaifin cikin dattin, gobe kuma ki buɗe ki yanka abincin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idojinta biyar na tsabtar abinci, ta ce a raba ɗanye da dafaffe, har da wuƙaƙe da katakon da ake yanka su. Wuƙar da ta taɓa ɗanyen kifi ba za ta taɓa latas ko kabeji ko tumatirin da za a ci ɗanye ba sai an wanke ta sosai, don su babu wutar da za ta bi bayansu.

Ki ware tsohon burushin haƙori domin wannan aiki kawai. Ruwan zafi da sabulu, wuƙa a buɗe, ki goge gaɓar da cikin ramin, ki ɗauraye, ki yarfe ruwan, ki goge, ki bar ta a buɗe a inda yaro ba zai kai ba har ta bushe sarai, sannan ki rufe. Kada ki jefa ta cikin bahon wanke-wanke ƙarƙashin kumfa. 'Yar da kika sa wanke-wanke ba ta san tana ciki ba. Idan gaɓar ta yi tauri, ɗigo ɗaya na man girki ya isa, ki goge ragowar. Baƙin mai ko man keken ɗinki ba sa zuwa kusa da abin da ke taɓa abinci.

Kayan cikin kifi kuma kada a watsa su a kwata. Lungunanmu na cikin birni a matse suke, kwatar gidanki ita ce ta ƙofar maƙwabciyarki, kuma da damina kowa ya san abin da ƙuda da ruwan kwata suke jawowa. A ƙulle a leda a kai bola, ko a dafa wa kaji.

Wasawa

Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mutum, domin sai kin danna da ƙarfi, idan ta zame kuma da ƙarfin take tafiya. Amma masu wasa wuƙa da injin gurza ba su dace da wannan ba. Injin yana cin ƙarfe da yawa, yana kuma zafafa bakin har ya yi shuɗi, daga nan ba ya ƙara riƙe kaifi. Dutsen wasa wuƙa mai laushi da ruwa ya fi. Ki kwantar da ruwan wuƙar, ki ɗaga bayansa kaɗan, kamar kaurin tsinken ashana biyu, ki ja daga gindi zuwa tsini, adadin da kika yi a gefe ɗaya ki yi a ɗayan. Idan babu dutse, gindin kofin tangaran, wurin nan mai kaushi da ba a shafa wa sheƙi ba, yana tayar da kaifi. Gwaji a jikin tumatir ake yi, ba a babban yatsa ba.

Idan an yanke

Ki wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ki danne da tsumma mai tsabta, ki ɗaga hannun sama. Ba a zuba toka, ko ƙasa, ko kananzir, ko man birki. Idan jinin bai tsaya ba bayan kamar minti 10 ana dannawa, ko yankan ya yi zurfi, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu, a tafi asibiti. Mu nan Asibitin Murtala a ƙofarmu yake. A tambaya game da allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora, wanda ma'aikatan lafiya ke kira tetanus. Sukar ƙayar kifi ma ba abin rainawa ba ce: idan wurin ya kumbura, ya yi ja, yana zugi bayan kwana ɗaya ko biyu, a nuna wa ma'aikacin lafiya, musamman mai ciwon suga. Kuma ba a komawa taɓa abincin sayarwa sai an rufe ciwon da filasta.

Inda za a ajiye ta

Wannan maganar mu 'yan cikin birni mun fi kowa sanin nauyinta. Wuƙa mai naɗewa tana shiga aljihun wando ba a gani. Kowa ya san halin da ake ciki game da faɗan daba da ƙwacen waya, har a 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta ce za a ɗauki ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Yaron kirki ma, idan aka tare shi da dare aka samu irin wannan a jikinsa, bayanin cewa ta kifin babarsa ce ba lallai ya fitar da shi a daren ba. Kada ki aiki ɗanki ya kai wa wata ko ya karɓo miki ita a aljihu. Idan za ki fita aikin biki, ki naɗe ta a tsumma ki sa cikin kwando tare da ludayi da matsami da sauran kayan girki, ke da kanki. A gida kuma ta kwana a akwati ko durowa mai kulle, kuma ki san da hannunki kika sa ta kowane dare. Mai shirin tafiya Umara ko Hajji ta duba jakar hannunta tun a gida, domin a filin jirgin Malam Aminu Kano za a karɓe ta, ba a shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu.

Wadda ta yanke shawarar saye, ta rubuta kuɗin wuƙar da na dutsen wasawa da na katako a shafin kayan aiki na littafinta, daban da shafin kuɗin kifi na kullum. A makon farko ta auna kifin kafin gyara, ta auna tsokar bayan gyara, ta rubuta duka biyun, sannan ta yanka farashi.